Ranar da Aka Share Fakon Kaiwa

Tun daga kan kwalbatin da ke bayan Lambara Mijinyawa ya hango hayaƙin, ya kuwa shiga dukan kafaɗar ɗan kabu-kabu yana cewa ya ƙara wuta. Ɗan kabu-kabu ya ce babur ya ɗauko ba jirgi ba, kuma in aka sake dukansa a nan zai sauke mutum. Mijinyawa ya janye hannu, ya ƙara matse takardar shaidar da ke hammatarsa. Saboda takardar nan ya bar gari tun da aka sallame sallar asuba, ya tafi Shagari don a manne masa ita da leda kafin baƙi su iso. Ya tarar babu wuta, mai shagon kuma ya ce ba zai tada janareta saboda takarda ɗaya ba, sai da aka jira wasu mutum uku suka kawo nasu. Ga shi har hantsi ya yi.

Daga yammacin Tungar Kaiwa hayaƙin yake tashi. A wannan gefen babu gida, babu rumbu, babu abin da zai ci wuta sai abu ɗaya, kuma abin nan Mijinyawa ya yi wata bakwai yana tara shi.

Fakon Kaiwa ake ce wa wurin. Fili ne da ƙasarsa ta daskare ta yi sulɓi, in ka sara fartanya a kai sai ta yi tsalle ta nemi goshinka. Tsofaffi suna cewa da can maraƙi yakan ɓace a cikin ciyawarsa, amma tsofaffin Tungar Kaiwa babu abin da ba sa cewa. Abin da kowa ya sani shi ne, shi kaɗai ya rage na hurumin dabbobi. Burtali tuni gonaki suka cinye shi, kowa yana ɗan matso da iyakarsa kamu ɗaya duk shekara yana rantsuwa nan ya gada. Da zarar an yi shuka, fakon nan ne kaɗai inda saniya za ta tsaya ba a kai mai ita ƙara ba. Mijinyawa kuwa shanu tara yake kiwo, shida nasa, uku na yayarsa Tani. Ranar da fako ya tafi, ranar za a kora su kasuwa.

Bara ne wani mai buga bulo daga Boɗinga ya zo da mota da ƙunshin goro, ya shiga zauren Magaji Haliru, mai garin, ya fito yana murmushi. Kowa ya gane murmushin. A makon ne kuma Mijinyawa ya dawo daga wani horo na kwana biyar da wata ƙungiya ta shirya wa masu dabbobi. Maganar gaskiya, labarin shinkafa da nama ya ji ya tafi, to amma karatu ya shammace shi. Wata Malama Bahijja, 'yar siririya mai tabarau, wadda in ka gan ta za ka rantse ko akuya ba ta taɓa ja ba, ita ta tsaya gabansu ta ce ba yawan shanu kaɗai ke kashe makiyaya ba. Sakinsu ne su yi ta zagaya wuri ɗaya kullum, ciyawa na leƙowa suna tsinke ta. Ta ce a matse su cikin shinge, a zuba musu kara da harawa da busasshiyar ciyawa mai 'ya'ya, su ci, su tattake, su yi kashi da fitsari a kai, kofatonsu su farfasa ƙasar. Bayan kwana uku a ja shingen gaba, kada a koma wurin sai ya huta. Abin da suka bari kuwa ko tsinke kada a ɗauke, domin ƙasa ba ta son zama tsirara.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta ja masa suna. Sau ɗaya ya maimaita ta a majalisar bakin masallaci, kafin a yi la'asar ya zama Tela. In ya wuce sai ka ji wani ya ce, "Tela, an gama ɗinka ma ƙasa wandon?"

Bai kula ba. Ya je ya durƙusa gaban Magaji ya roƙi a ba shi lokaci. Magaji, wanda ya ga abin dariya kyauta, ya ce a gaban liman da mutum goma ya ba shi shekara ɗaya. In malamar ta zo da ƙafarta ta shaida cewa ƙasar ta farfaɗo, fako ya zauna hurumi. In ba haka ba, bulo.

Tun bayan girbi Mijinyawa yake jan ƙaya. Duk kwana uku ya tumɓuke shinge ya matsar, hannuwansa sun zama abin tausayi. Ya yi roƙon kara a gonakin mutane, ya yi jigilarsa a jaki, ya bi bayan shanu yana murna da abin da kowa ke kauce wa. A makon jiya aka yi ruwa biyu. Ya kwanta rub da ciki ya ɗaga tattakakken kara, sai ga tsiro kore shar yana leƙowa, gara ta yi hanyoyinta, buzuzu na ta mirgina kayansa. Ya daɗe a kwance a wurin, har wani mai wucewa ya tsaya ya tambaya ko lafiya. Yau ce ranar da Malama Bahijja za ta zo.

Babur bai gama tsayawa ba ya dira.

Fakon ya sha shara. Ba sharar wasa ba, sharar gayya, magidanta sun fi talatin, da tsintsiya da manjagara da shebur. An kwashe kashin shanu tas an ɗura a buhuna. An tara karan tsibi uku an cinna masa wuta. Ɗan tsiron da ya leƙo an bi shi da fartanya an kankare, don kada baƙi su ce garin ba a noma. A tsakiya an kafa kanofi biyu, an jera fararen kujerun roba, an shafa wa duwatsu farar ƙasa an yi musu layi tun daga bakin hanya. Can a kusurwar ƙarshe shanu tara suna cikin shingensu, suna tuƙa suna kallon ikon Allah.

Ɗanliti ne ya fara ganinsa. Ɗan kawunsa ne, taubashinsa, kuma ɗan aiken Magaji wanda ba a yin komai a gari sai an ji muryarsa. Ya taho yana share gumi da hula.

"Tela, sai yanzu? Mu muna nan muna yi maka wahala, kai kana yawon Shagari. Dubi wurin ga. Ko fadar uban ƙasa albarka."

Mijinyawa ya dubi filin. Da ƙyar ya ce, "Ɗanliti, mi kunka yi?"

"Mi munka yi? Shara munka yi. Baƙi za su zo tun daga birni, har da mai ɗaukar hoto, su iske kashin shanu har idon sawu? A tafi da mu a baki a ce mutanen Tungar Kaiwa ƙazamai na? Magaji yac ce ko ƙwaya ɗaya kar a bari."

"Kashin shi za su zo gani."

Ɗanliti ya juya wajen masu shara yana riƙe ciki. "Kun ji Tela. Wai mutane su ƙona mai tun daga Sakkwato su zo kallon kashi. Can birnin ya ƙare musu?"

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, dariyar mutanen da suka tashi da sassafe suka yi wa ɗan'uwansu alheri. Wannan ne ma ya fi ci wa Mijinyawa rai. Da maƙiyi ne ya yi masa haka da ya san inda zai kai ƙara. Kuka ya zo masa, kuka na gaske wanda rabonsa da irinsa tun rasuwar mahaifiyarsu, amma mutum mai shekara hamsin da biyar ba ya kuka a kan kashin shanu a gaban taubashinsa. Da ya yi, har jikokinsa sai sun ji labari. Ya haɗiye, ya nuna buhunan da ake lodawa a amalanke.

"Waɗannan fa, ina za a kai su?"

"Fadama, lambun albasar Magaji. Ka san ba ya son almubazzaranci."

Wato dai ƙazantar ba ta kai a ce albasa ta ƙi ta ba. Mijinyawa ya wuce ya nufi wajen shanunsa.

A bakin shingen ya tarar da Tani zaune a kan turmi, da taɓarya a gicciye bisa cinyarta. Ta girme shi da shekara goma, mijinta ya rasu, haƙoranta sun ragu, amma bakin nan yana nan yadda aka san shi.

"Yaya, kina nan anka yi wanga aiki?"

"Ina nan. Na ce su bari, sunka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Shi na niɗ ɗauko taɓarya niz zauna nan, nic ce wanda duk yat taɓa shingen ga ya ga ruɗewa." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai kuma ina kat tafi?"

Ya zaro takardar shaidar horonsa daga hammata. Tana ta ƙyalli a cikin leda, da sunansa da hatimi.

"Madalla," in ji Tani. "Miƙa ma shanun su ci. In fakon ga ya tafi, ka sani, ukuna ba su zuwa kasuwa. Sai dai ka fitar da gadonka ka ɗaure su ɗakinka."

Abin da ta tsare ɗin ma ba zai cece shi ba. Shingen kwana biyu ne kacal, ɗanyen kashi ne da kara, babu tsiro ko ɗaya. Duk inda shaidar take an share.

Ana haka Magaji Haliru ya iso da babbar riga da rawani, yana tafe yana duba layin duwatsu yana gyaɗa kai. Mijinyawa ya cire takalmi ya durƙusa. Duk maganar da ya shirya a ransa ta watse.

"Allah shi ba ka nasara. Na ga an… an share."

"An share," Magaji ya ce da fara'a. "Ba sai ka yi godiya ba, aikin gari na. Baƙonka baƙonmu na. Tashi ka je ka canza riga, kar a ɗauke ka hoto haka."

Baƙin da suka ce ƙarfe goma sai gab da azahar suka iso, mota biyu. Malama Bahijja ta fito da littafi a hannu, sai wani jami'i mai tumbi daga ƙaramar hukuma, sai mai hoto. Mai bulo ma ya zo ba a gayyace shi ba, ya zauna a layi na biyu, ya dubi filin nan fes, murmushinsa na bara ya dawo. Liman ya buɗe da addu'a. Jami'in ya karɓi lasifika ya yi rabin sa'a yana bayanin muhimmancin ƙasa, bai dubi wadda ke ƙarƙashin takalminsa ko sau ɗaya ba. Ita kuwa Malama Bahijja sai waige-waige take yi. Da aka ba ta dama ta miƙe ta ce ita ba ta da dogon jawabi, a kai ta wurin da aka yi aikin kawai.

"Kina kai, Malama," in ji Ɗanliti, ƙirji a gaba. "Kujerarki ma bisa shi take."

Ta dubi ƙasa. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta sake duba. Sannan ta yafito Mijinyawa, suka ɗan taka nesa da kanofi.

"Baba Mijinyawa, ina karan? Ina takin?"

Ya nuna mata toka tsibi uku da ke ɗan hayaƙi, ya nuna sawun amalanke da ya yi hanyar fadama.

"Wa ya yi haka?"

"Girmama ki anka yi, Malama."

Ya ga tana cije leɓe, bai sani ba ko dariya take dannewa ko wani abu. Daga baya ta ce a hankali, "Baba, na yarda ka yi aikin. Hannunka ma ya isa shaida. Amma ni abin da idona ya gani zan faɗa. Ba zan tsaya gaban mutane in ce na ga ciyawa ba."

"Na sani, Malama."

Ya sani ɗin. Ya hango shanunsa a kusurwa, ya fara tunanin wadda za a fara sa wa igiya a kai kasuwa.

Ɗanliti dai ya ga an keɓe ana magana ba da shi ba, abin da ba ya iya jurewa ke nan. Ya taho yana murza hannu, don a san wanda ya yi wahala ko a tuna da shi wajen rabon abinci.

"Malama, kin ga aiki ko? Ai sharar ba ita tab ba mu wuya ba, yayyafi na. Mun so mu kwantar da ƙura saboda ku. Jarka goma sha takwas munka zuba wurin kanofin ga, ƙasar na shanyewa kamar an aiko ta. Can bakin hanya, inda shanun Tela ba su kai ba, jarka biyu kacal, har yanzu ruwan na kwance, Magaji ma saura kaɗan shi zame. Ni dai na faɗa, Tela ya lalata wurin ga. Da can ko shanya ka yi ba ta ɗaukar ƙasa."

Malama Bahijja ta juyo gaba ɗaya. "Jarka nawa ka ce?"

"Sha takwas. A tambayi masu ɗauka, kafaɗunsu na nan."

"A kawo mini bokiti biyu cike da ruwa, da fartanya."

Kafin ka ce me, taro ya bar kujeru ya biyo ta. Ta je bakin hanya inda fako yake yadda Allah ya bar shi, ta sa aka juye bokiti ɗaya. Ruwan ya bazu, ya yi ta neman hanya, ya gangara ya sami takalmin jami'in, jami'in ya yi tsalle irin wanda ba a zaci tumbin zai yarda ba. Ta dawo tsakiyar fili ta sa aka juye na biyu. Ruwan ya tsaya kaɗan, ya yi 'yan ƙwai, ya nutse ana kallo. Ta karɓi fartanya ta tattare mayafi ta sara da kanta. Fartanya ta shige. Ta sa hannu ta ɗebo ƙasa mai danshi, baƙa-baƙa, da fararen saiwoyi sirara da ramukan gara, ta ɗaga sama.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Magaji, "ciyawa dai ban gani ba, an riga ni. Amma wannan ƙasa da ranta. Tuɓe ta aka yi, ba kashe ta ba. Iri yana ciki, saiwa tana ciki. In aka yi ruwa biyu za ta tsiro, in kuma aka dawo da buhunan nan za ta fi saurin tsirowa. Na shaida ta farfaɗo, kuma haka zan rubuta."

Da aka ambaci buhuna tari ya ɗan sarƙe Magaji, amma ya murmure. Ya karɓi lasifika ya ce shi mutum ne mai magana ɗaya, gaban liman ya yi alkawari, gaban liman zai cika, bulo ba zai zauna a Fakon Kaiwa ba. Aka yi tafi. Mai bulo ya tashi ya kaɗe riga ya shiga motarsa, ko abinci bai jira ba. Mai hoto ya sa Mijinyawa ya riƙe fartanya ya yi murmushi, murmushin kuwa ba sai an roƙe shi ba. Daɗi ya cika shi har yana jin ƙafafunsa ba su taka ƙasa sosai. Ya yafe wa masu shara, ya yafe wa mai janareta, har Ɗanliti ya yafe wa, duk da yana ji Ɗanlitin na gaya wa jami'i cewa ban da yayyafinsa da ba a gane komai ba.

Aka yi sallah, aka kawo shinkafa. Mijinyawa ya zauna gefen kanofi da kwanonsa, loma uku ya kai ya tsaya.

Mutane sun fara tashi ɗaya-ɗaya suna shiga filin. Ba tare suke tafiya ba, kowa shi kaɗai, hannu a baya, kamar mai neman iska. Wannan ya tsaya ya tona ƙasa da babban yatsan ƙafa. Wancan ya tsuguna ya ɗebo ya murza ya shinshina, ya waiga ko ana kallonsa. Wani ya taka daga dutse zuwa dutse yana motsa baki. Mijinyawa manomi ne ɗan manomi, ya san wannan tafiyar. Ita ake yi ranar da za a raba gonar gado. Shinkafar ta fita ransa.

Bayan la'asar, baƙi na haɗa kaya, aka ce Magaji na kiransa. Ya same shi a gindin bishiyar kaiwar da garin ya ci sunanta, an shimfiɗa masa darduma, ya sassauta rawani. Mijinyawa ya durƙusa.

"Mijinyawa, ka yi aiki," in ji Magaji. Yau babu Tela. "Ni kaina ban yarda ba sai da nig gani da idona."

"Allah shi ƙara maka nasara."

"Amin. To, ga wata 'yar magana. Tun ana cin abinci magidanta biyar sunka same ni. Ka san yadda gonaki sunka koma, gado ya yayyanka su, wani abin da yas samu bai kai shimfiɗar tabarma goma ba. Ga ɗiya, ga tsadar hatsi. Yanzu ƙasa mai shan ruwa haka, bakin gari, a bar ma shanu su taka, mutane na neman inda za su jefa gero? Kai ma in ka duba, da nauyi."

Mijinyawa ya ɗago kai. "Ranka shi daɗe, gaban liman kac ce hurumi."

"Hurumi na nan. Wa yac ce an soke shi? Matsar da shi munka yi." Magaji ya nuna kudu da sandarsa. "Fakon nan na hanyar Mandera, ya ninka wanga biyu, babu mai so nai. Na ba ka shi duka, ka shiga da shanunka gobe in ka so. Kai da ka saba matsar da shinge duk kwana uku, wannan ai ba baƙon abu na gare ka ba."

Mijinyawa ya san fakon hanyar Mandera. Tafiyar sa'a guda ce da shanu, tsakuwa ce zalla, babu rijiya, babu inuwa. Ga damina ta kawo kai, kara ya ƙare a gonaki. Ya so ya ce wata bakwai. Ya so ya buɗe tafin hannunsa ya nuna. Amma Magaji ya riga ya ga hannun, ɗazu ma ya yaba.

"Allah shi ba ka nasara, in shi ma wancan ya farfaɗo fa?"

"Allah shi kai mu," Magaji ya ce, fuskarsa ta washe da jin daɗin tunanin. "Ai shi muke fata."

Mijinyawa ya yi godiya, domin haka ake yi. Ya ja da baya ya sa takalminsa.

A bakin mota Malama Bahijja ta tare shi, fuskarta cike da murna. Ba ta ji abin da aka yi a gindin kaiwa ba. Ta ce a duk mutum arba'in da ta koyar a Boɗinga shi kaɗai ya kai aikin ƙarshe. Ta ce baɗi war haka za ta kawo masu dabbobi daga ƙauyuka goma su ga wurin da idonsu, za ta kawo 'yan rediyo, kowa ya ji abin da shanu tara suka yi. Ta buɗe littafinta ta ce in akwai abin da yake ganin ya kamata a ƙara a cikin horon, ya faɗa ta rubuta, don shi yanzu malami ne.

Mijinyawa ya dubi filin. An fara kwance kanofi. Ɗanliti yana can tsakiya yana taka ƙasa da faɗin ƙafa yana ƙirga sawu, wani na biye da shi da turaku a hannu.

"Malama, cikin karatun ga naku, akwai inda anka koyar da yadda ciyawa za ta tsiro ba tare da mai gari ya gani ba?"

Ta yi dariya. Sannan ta ga shi ba dariya yake ba. Ta bi inda idonsa yake, ta ga Ɗanliti, ta ga mai turaku ya tsuguna ya kafa na farko. Alƙalamin ya tsaya a hannunta.

"Babu, Baba," ta ce.

"To ku ƙara shi. Kwana biyar ɗin nan bai isa ba."

Direba ya danna oda. Mijinyawa ya yi mata fatan sauka lafiya, ya juya ya nufi kusurwar da shanunsa suke, yana tunanin ta inda zai fara gaya wa Tani.